Zalika Sule: kura da shan bugu



Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai shayi a tashar Tanut bayan sallar isha'i, ko ya ratsa kasuwar Balbeji ya ga samari sun haɗa kai bisa wayar hannu guda, ya san cewa a kowane fim mutum biyu ne ido yake bi. Na farko shi ne jarumi, wanda ake buga hotonsa babba, ƴan mata su riƙe sunansa, a ƙarshe kuma ya auri wadda yake so. Na biyu ba a cika tuna sunansa na yanka ba, amma da ya leƙo sai wuri ya ɗauki guna-guni: ga dillaliyar nan mai kashe aure, ga bokan nan, ga uwar mijin da ba ta ƙaunar zaman lafiya, ga alhajin da ke cin dukiyar marayu. Akwai ƴan wasan da suke ƙare rayuwarsu kaf a wannan sahu na biyu. Su ake tsine wa, kuma su ne in an cire su labari yake komawa lami, domin haƙurin jaruma ba ya bayyana sai an sami mai cutarta.

In ka tambayi matan Damargu wace ce ta fi iya fitowa a muguwar mace, ba za su yi dogon tunani ba, za su ce maka Daso, wato marigayiya Saratu Giɗaɗo ta Kano, wadda ta fara fim a shekarar 2000, ta rasu ranar 9 ga watan Afrilu 2024 a ƙarshen azumi. Sun kuwa yi gaskiya, Allah ya jiƙanta. Sai dai shekara 34 kafin Daso ta tsaya gaban kyamara, wata ƴar Nijar ta riga ta share wannan hanya, kuma da mutuncinta ta biya kuɗin sharar. Sunanta Zalika Sule, masu rubutu da Faransanci suna rubuta Zalika Souley. Cikin samarin da na ambata a tashar Tanut, da wuya ka sami ɗaya cikin ashirin da ya taɓa jin sunan, balle ya ga fuskar.

An haifi Zalika a Yamai a shekarar 1947. Lokacin da ta tasa, ƙasa ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, gidajen silima na birni kuwa suna hannun kamfanoni biyu na Faransa, COMACICO da SECMA, waɗanda su ke zaɓar abin da mutanen Afirka ta Yamma za su kalla. Abin da suke kawowa bai wuce finafinan kaboyi na Amurka da na Indiya da na Masar ba. Yaran birni suka haddace tafiyar kaboyi da yadda yake karkata malafa, har suna raɗa wa juna sunayen Nasara. Wannan hali ne ya tsaya wa Mustafa Alasan a rai, wani saurayi ɗan Ndunga mai baiwar zane, wanda ya koyi aikin kyamara kusa da Bafaranshen nan Jean Rouch. A shekarar 1966 ya shirya fim mai suna Le Retour d'un aventurier, ma'ana dawowar ɗan yawon duniya. Wani matashi ne ya komo ƙauyensu daga ƙetare da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, kowa ya zaɓi sabon suna, suka hau dawakin da ba nasu ba, suka shiga caca da faɗa da wulaƙanta dattawa, har wasa ya zama zubar da jini. Mace guda ce cikin gungun, ana kiranta Sarauniya Kiristin. Zalika ce, tana da shekara 19, ga wando, ga malafa, ga bindiga a ƙugu, tana bisa doki.

Mai karatu ya tsaya ya auna abin da wannan yake nufi a Nijar ta 1966. A wannan shekarar ce Usman Samben na Senegal ya fitar da La Noire de..., inda Thérèse M'Bissine Diop ta fito. Ke nan matan baƙar fatar Afirka da suka taɓa fitowa a fim ɗin da ɗan Afirka ya shirya ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ba makarantar koyon wasa, ba wata babba da za a duba a ce ga yadda ta yi ta gama lafiya. (Wanda ya kalli Zinder, fim ɗin da ƴarmu Aisha Maki ta fitar a 2021 bisa samarin unguwar Kara-Kara da ƙungiyoyinsu na ƙarfi masu ɗaukar sunayen waje, zai ga cewa Mustafa Alasan ya hango abin tun shekara 55 baya. Wannan zance ne na wata rana.)

Wanda ya gane ainihin baiwar Zalika shi ne Umaru Ganda. Shi tsohon soja ne da Faransa ta kai yaƙin Indocin, ya dawo ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, inda Rouch ya same shi ya sa shi cikin Moi, un Noir a 1958. Da ya komo gida ya kama kyamara da kansa, sai ya fara da labarin da ya fi sani. Cabascabo labarin tsohon soja ne da ya dawo da kuɗin sallama, abokan cin mushe da matan bariki suka taru suka cinye shi tas, suka watse, ya rasa ko aikin da zai ci tuwo, daga bisani ya ɗauki hanyar gona. An nuna fim ɗin a bikin Kan na Faransa a 1969, ya kuma sami kyauta a Mosko a shekarar. Zalika ce matar barikin. Ba ta yi wa rawar kwaskwarima don a tausaya mata ba: yadda take karɓar kyauta da murmushi, da yadda fuskar take rufewa ranar da aljihu ya bushe, duk wanda ya zauna bariki ya san ya taɓa ganin wannan fuska. A Damargu ma mun san irin labarin, ko da ba na soja ba ne. Ɗan ci-rani nawa ya dawo daga Libiya ko Aljeriya da guzurin shekara uku, bai kai damina da shi ba?

Amma rawar da ta ɗaure mata suna har kabari ita ce ta cikin Le Wazzou polygame. Kalmar wazzu ita ce wa'azi a bakin Zabarmawa, kuma da Zabarmanci aka yi fim ɗin. Wani mai hali ne ya dawo daga Makka, ana ce masa Alhaji, yana da mata biyu, idonsa ya faɗa kan wata yarinya, Satu, wadda an riga an yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Kuɗi suka yi magana, iyaye suka karya alkawari, Garba ya bar gari da baƙin ciki. Matar Alhaji ta biyu, Gaika, ta ƙudura cewa wannan amarya ba za ta kwana gidan ba. Daren buki ta shiga da nufin kisa, cikin duhu ta kuskure, ta kashe wata daga ƙawayen amarya. Zalika ce Gaika.

A nan nake so mu daɗe kaɗan, domin a nan ne aikin irin waɗannan ƴan wasa yake fitowa fili. Ganda bai shirya fim ɗin don ya ce kishiya muguwa ce ba. Yatsansa yana kan Alhaji, mai fakewa da rawani yana biyan buƙatar ransa, da kan iyayen da suka mai da ɗiyarsu haja. To amma laifin Alhaji laifi ne mai sanyi, irin wanda ake yi da murmushi da goro da addu'a, kowa ya shafa fatiha ya tashi. Ido bai iya ganin muninsa sai an nuna inda ya faɗa. Gaika ita ce wurin da ya faɗa. Dole ƴar wasan da za ta ɗauki wannan rawa ta sa mai kallo ya ji tsoronta, kuma a lokaci guda ya gane cewa ba da wuƙa aka haife ta ba, wulaƙanci ne ya tura ta har bakin wannan rami. In ta yi sanyi, labarin ya mutu. In ta zama dodo kawai, Alhaji ya kuɓuta, sai a ce ai matar ce mahaukaciya. Tsakanin waɗannan biyu akwai siririyar hanya kamar gashin kai, kuma a kanta Zalika ta bi. Ina ganin wannan ya fi aikin amarya wuya nesa ba kusa ba, domin amarya hawaye kawai ake nema gare ta, mai kallo kuwa ya riga ya ba ta zuciyarsa tun kafin ta buɗe baki.

A shekarar 1972 fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, kuma shi ne na farko da aka taɓa bai wa Dokin Yennenga. Har zuwa bikin 2025 babu wani dogon fim na ɗan Nijar da ya sake ɗauko wannan doki na zinariya. Ko a 1987 da labarinmu ya ci, wato Sarauniya ta Abdullahi Mamani, Med Hondo ɗan Muritaniya ne ya shirya shi, kuma a Burkina aka ɗauka. Batun da Ganda ya taɓo kuwa bai tsufa ba: binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa cikin mata 100 na Nijar, 76 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Kowa a Gangara ko Tarka ya san yadda bayan kaka mai albarka, in rumbuna suka cika, alkawarin talaka yake yin rauni gaban mai raƙuma.

Kyauta ta tafi ga mai fim, kamar yadda aka saba. Abin da ya zo ga Zalika a titunan Yamai daban ne. Jama'a ba su raba Gaika da Zalika ba, ba su raba matar barikin Cabascabo da ɗiyar mutane da ta je aiki ta dawo gida ba. Aka zage ta, aka nuna ta da baki, aka ɗauke ta mace marar tarbiyya. Ita ma ba ta sunkuyar da kai ba, ta ci gaba da sa wandonta a gari a zamanin da hakan kaɗai ya isa a yi da mace. Masu shirya fim kuwa, da suka ga ta iya, kuma ba kowace ce za ta yarda ba, sai suka yi ta komowa gare ta. Ta fito a Saïtane na Ganda a 1972, labarin wani malamin tsibbu da ke dillanci tsakanin matar aure da wani attajiri. Ta fito a FVVA na Mustafa Alasan a shekarar, inda ƙaramin ma'aikaci ya saci kuɗin ofis garin neman mace da gida da mota da kuɗi. Ta fito a L'Exilé a 1980, da Aube noire na Jingarai Maiga a 1983, da Pétanqui a Kodibuwa. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan ma gardin bai karɓi abin kirki ba, amma aƙalla shi an kira sunansa a Kan da Wagadugu.

Sau da yawa nakan ji masu ilimin boko suna cewa jahilci ne ya sa mutanenmu ba su bambanta wasa da gaskiya. Ban yarda ba. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san kwaikwayo tun muna goye. Kaka takan yi muryar kura, ta yi ta Gizo da tsamin bakinsa, ta yi ta kishiyar uwa mai aika marainiya kogi da dare, ba wanda ya taɓa wayar gari ya ƙi gaishe ta. A wasan kara na Damagaram samari sukan yi shigar sarki da alƙali da kumandan, manya suna kallo suna dariya. Yaran tashe sukan liƙa gemun auduga, ɗan kama yakan yi shigar malami yana wa'azin tuwo. Duk wannan an san wasa ne, saboda mai yin sa ɗan unguwa ne, an san uwarsa da ubansa, kuma da an watse zai cire gemun a gabanka. Silima ce ta zo da sabon abu: ga fuska ƙatuwa a bango, ga gida na gaske da titi na gaske da ka sani, kuma ba ka ganin lokacin da aka tuɓe rigar. Sannan ga abin da ba a son faɗi, wato mace ce. Ganda da kansa ya fito a mashayi mai ɓarnar dukiya, ba a hana shi zama cikin mutane ba. Yau ma babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa take ɗauke da shi, kuma ya cancanta. Namiji in ya yi rawar banza sai a ce gwani ne. Mace in ta yi, sai a ce ai da ma halinta ne, in ba haka ba yaya aka yi ta iya?

Wannan ruɗani ba namu ne mu kaɗai ba. A Indiya akwai Pran, wanda ya shekara da shekaru yana fitowa a bos, har ana cewa iyaye sun daina raɗa wa ƴaƴansu sunansa. Bambancin shi ne can akwai kasuwa, an biya shi, ya tsufa cikin daraja, an ba shi babbar lambar silima ta ƙasarsa a 2013 kafin ya rasu. A ƙasar Ayalan kuma an yi wani ɗan guntun dattijo, Barry Fitzgerald, wanda ya daɗe yana ma'aikacin gwamnati a Dablin da rana, da dare yana wasa a dandali da sunan aro, sunansa na gaskiya William Shields. Amurka ta ɗauke shi ta yi ta ba shi rawar tsohon limamin coci da ta mashayi mai ban dariya. Shi ɗan Furotesta ne, amma rawar limamin Katolika a Going My Way na 1944 ita ta ba shi kyautar Oscar. Can sun ware kyauta ta musamman domin ɗan wasan da ba shi ne jarumi ba, saboda sun gane cewa ginshiƙi ba ya tsayuwa ba tare da mataimaki ba. Nasara ba su fi mu tausayi ba. Sun dai mai da wasa sana'a mai takarda da lada da fansho.

Mu a nan sana'ar ce ta mutu a ƙarƙashin ƙafafun masu yin ta. Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga watan Janairu 1981 yana da shekara 45. A daidai lokacin farashin uraniyom ya faɗi, fari na 1984 ya biyo baya, wanda mutanen Damargu ba su bukatar a tuna musu da shi, sannan masu ba da bashi na duniya suka ɗaure wa gwamnati hannu. Fim na wancan zamani a Faransa ake sayo zarensa, can kuma ake kai shi wanki da haɗawa. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu 1994, tamma 50 ta koma 100 a kan faran guda na Faransa, kuɗin kowane aiki ya ninka cikin dare ɗaya. Gidajen silima suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka kaset ɗin bidiyo ya taso daga Kano, tun daga Turmin Danya a 1990, da harshen da muke ji, da araha, ya bi motocin ƴan kasuwa ta Magarya da Matamai ya iso Damagaram, ya wuce Tanut har Agadas. Ba laifin Kano ba ne. Sun ga gona ba mai noma, suka shuka.

Lokacin da Rahamatu Keita ta je ɗaukar tarihinta, ta tarar da Zalika cikin ɗaki biyu a Yamai tare da ƴaƴanta huɗu, ba ko famfo a gidan. Fim ɗin ya fito a 2004 da sunan Al'lèèssi, wato ƙaddara da harshen Sonrai, aka kuma nuna shi a Kan a 2005. A ciki ana ganin matar da ta taɓa hawa jirgi tana wakiltar Nijar a bukukuwan duniya tana ɗibar ruwa, tana ba da labarin abin da ya same ta ba tare da kuka ba. Ƙarshen fim ɗin ya sanar da cewa tun shekarar 2000 ta bar ƙasa ta tafi ƙasar Nasara aikatau a gidajen mutane. Mai karatu ya lura da shekarar: ita ce shekarar da Daso ta fara fim a Kano. Zalika ta dawo gida daga baya, ta rasu a Yamai ranar 27 ga watan Yuli 2021 tana da shekara 73. Aka yi jawabai masu daɗi, kamar yadda muka iya yi wa mamaci.

To ina ruwan Damargu da ƴar Zabarmawan Yamai? Da ruwanmu, ta fuska biyu.

Ta farko, ta taɓa shiga tarihinmu da ƙafarta. A 1982 Mahaman Bakabe ya shirya Si les cavaliers, daga wasan da Andre Salifu ɗan Damagaram ya rubuta, shi wanda daga baya ya shugabanci Taron Ƙasa na 1991. Labarin shirin tawayen 1906 ne, lokacin da Nasara suka zargi Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa da ƙulla makircin korarsu, asiri ya tonu kafin a ɗaga takobi, aka tuɓe shi aka kai shi gudun hijira Kodibuwa. Zalika tana cikin ƴan wasan. Wannan zamani ne da ya shafi kakanninmu kai tsaye, domin Damargu ita ce rumbun geron da ayarin Abzin yake sauka ya yi awo kan hanyarsa ta Kano, kuma duk wanda ya riƙe Damagaram sai ya nemi riƙe wannan hanya. Ɗalibi nawa a kwalejojin Tanut da Balbeji aka taɓa zaunarwa aka nuna musu wannan fim a darasin tarihi? A 2017 babban gidan adana kayan fasaha na zamani da ke birnin Niyok, MoMA, ya ware kwanaki yana nuna ayyukan Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015. Ba'amurke ya sayi tikiti ya ga Sarauniya Kiristin bisa doki, ɗan Olelewa bai gan ta ba. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Ta biyu ta fi ta farko zafi, domin ta shafi masu rai. Jiharmu ta Damagaram ita ce gidan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar. Waɗanda suka manyanta suna tuna ƙungiyar gidan rediyon Damagaram ta su Yazi Dogo, wadda wasanninta suka cika ƙasa a zamanin Kunce, har wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zo ta rubuta littafi sukutum a kan wasan Hausa na Nijar, ya fito a 1987. A zamanin samariya kowace gunduma tana da ƙungiyarta da take kaiwa gasar matasa ta ƙasa, kuma kowace ƙungiya tana da nata mai fitowa a ɓarawon ma'aji, da nata mai fitowa a kishiya. Malaman lakwal ne, da ma'aikatan asibiti, da teloli, da matan aure da mazansu suka yi ƙarfin halin bari. Sun yi wasan allurar rigakafi, sun yi na dashen itace, sun yi na auren dole, gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka ci moriyarsu. Har yau in wata ƙungiya tana son faɗakarwa a ƙauyukan Tarka ko Tenhiya, ƴan wasa take nema, kuma dole a sami wadda za ta yarda ta zama uwar da ke cire ɗiyarta daga lakwal don ta aurar da ita. In an gama, baƙi su shiga mota su koma birni da hotuna da rahoto, ita kuwa a garin za ta kwana, gobe ta je rijiya ɗaya da matan da suka kalle ta. Na san wadda a wani gari na arewacin jihar nan dangin mijinta suka sa ta bar wasa bayan irin wannan rawa, alhali wasan ne ya sa aka mai da yara mata biyu aji. Ba wanda ya rubuta sunanta a rahoto.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar miliyoyi. Muna da Cibiyar Silima ta Ƙasa, muna da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, muna da Télé Sahel. Tun watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. In da gaske ake, to ga wurin fara aiki: a nemo finafinan Ganda da na Alasan da na Bakabe daga inda suke ajiye, a sasanta da magadansu, a juya muryoyin zuwa Hausa. Samarin Kano suna juya fim ɗin Indiya na awa uku zuwa Hausa cikin ƴan kwanaki a ɗaki guda da kwamfuta guda. Ba za a ce Damagaram ta rasa masu murya ba, ga tsofaffin ƴan wasan rediyo zaune ba aiki, kuma ladan juyin zai shiga aljihun da ya dace. Masu silimar yawo ta CNA sun riga sun nuna tun shekarun 2000 cewa mota guda da farin ƙyalle da injin wuta sun isa a tara ƙauye. Sannan duk ƙungiyar da za ta ɗauki ƴan wasa aikin faɗakarwa a gundumominmu, hukumar gari ta tilasta mata takardar yarjejeniya da lada bayyananne, kuma a ƙarshen wasa a tsayar da kowane ɗan wasa gaban jama'a, mai gari ko liman ya kira sunansa na gaskiya da sunan mahaifinsa ya gode masa, musamman wanda ya ɗauki rawar da aka tsine wa. Wannan shi ne cire gemun auduga a gaban mutane, abin da silima ta hana Zalika.

Ga shugabannin gidajen matasa na Tanut da Balbeji kuma, ga lissafi mai sauƙi: Le Retour d'un aventurier da Cabascabo da Le Wazzou polygame, babu ɗaya cikinsu da ya kai awa guda. Dukansu uku za su shiga dare ɗaya tsakanin isha'i da sha biyu, kuma ranar 27 ga watan Yuli tana zagayowa kowace shekara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.